Hot a Sifaniyanci: inda caliente take aiki da inda zata kunyata ka

Yawancin 'yan Najeriya masu koyon Sifaniyanci ta Turanci suke bi, ko manhajar waya ce ko ƙamus ko bidiyon YouTube, Turanci ne a gefe ɗaya Sifaniyanci a ɗaya gefen, Hausa kuma tana can an ajiyeta. To akwai kalmomin da wannan hanyar bata da matsala dasu, akwai kuma waɗanda take kai mutum ta baro, kuma a cikinsu banga wadda takai hot ba. Ka duba ƙamus zai baka caliente a farko, ka haddace, shikenan kana ganin ka gama, duk inda Bature zaice hot sai ka jefa caliente. Matsalar itace Bature ya tattara abubuwa wajen biyar ko shida ya cusa a kalma ɗaya, shayi hot, rana hot, shi kansa in gumi ya dameshi hot, miya mai barkono hot, zancen da ake ta cece-kuce akai hot, har mace ko namiji mai kyau hot. Mutumin Madrid ko Meziko bai yarda da wannan haɗin gambizar ba, kowanne da kalmarsa, wasu ma ba sifa ake sawa ba sam, suna ne ko aikatau.

Abin da nake so in nuna shine Bahaushe ya riga ya rarraba yawancin waɗannan tun a bakinsa. Muna cewa ruwan zafi, muna cewa ana zafi, muna cewa ina jin zafi, muna cewa miyar da yaji. Gini huɗu daban-daban, kuma kusan haka Sifaniyanci ya rabasu. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka bi ta Faransanci sunfi samun sauƙi anan, don j'ai chaud da il fait chaud da piquant duk suna da takwarorinsu kai tsaye a Sifaniyanci, mu masu bi ta Ingilishi mu ne muke shan wahalar.

Caliente dai ta abin da zaka taɓa ko ka kurɓa ne kaji zafinsa. Ruwa, shayi, miya, ƙarfe, injin mota, yashin bakin teku da tsakar rana, wayarka in ta daɗe a caji. "El café está caliente", kofin da zafi. "Agua caliente", ruwan zafi, daga nan ma aka samo sunan jihar Aguascalientes da babban birninta a Meziko saboda maɓuɓɓugan ruwan zafin da ke wajen. Tana da sauƙin sha'ani ta fuskar nahawu don bata canzawa tsakanin namiji da tamata, el té caliente, la sopa caliente, jam'i ne kawai ake ƙara mata s, calientes. Kuma cikin aikatau biyun da Sifaniyanci yake dasu a madadin to be na Turanci, estar da ser, kusan kullum da estar take tafiya ba da ser ba, dalili kuwa zafin shayi hali ne na yanzu, anjima kaɗan zai huce. Ser sai in kana bayanin irin abun ne gaba ɗaya, kamar kace gazpacho, miyar tumatir ɗin nan ta Andalus, "es una sopa fría", wato ita dama can da sanyinta ake shanta ba wai hucewa tayi ba.

Ƙasa da caliente akwai ɗumi, tibio ko templado. A Latin Amurka tibio tafi yawo, a Sifaniya kuma in ka nemi kofi da madara a shago akan tambayeka madarar caliente kake so ko templada. Lura anan sifar ta canza zuwa templada saboda leche, wato madara, tamata ce. Agua ma tamata ce duk da ana cewa el agua, wannan el ɗin don daɗin furuci ne kawai, shi yasa ake cewa el agua está tibia, ba tibio ba, caliente ce take ɓoye wannan kuskuren tunda ita bata nuna jinsi. Ruwan da ba'a saka a firji ba kuma ba'a dafa ba, wanda mu zamu ce ruwa kawai, shima da sunansa kuma kowace ƙasa da nata, a Sifaniya del tiempo, a Meziko al tiempo, a Kolombiya al clima, a Ajantina natural. Sama da caliente kuwa, in abu ya wuce misali, ba kasafai ake neman wata sifa ba, sai ace "está hirviendo", yana tafasa, ko kawai "quema", yana ƙuna. In uwa ta ajiye wa yaro kwano zaka ji tace "cuidado, que quema". In kuma zafin mai daɗi ne, kamar burodin da ya fito daga gidan burodi ko bargo a lokacin sanyi, sai a ƙanƙanta kalmar don nuna so, calentito a Sifaniya, calientito a Meziko.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. Kana zaune gumi na karyo maka, kana so kace ina jin zafi. Kwakwalwarka ta tafi Turanci ta ɗauko I am hot, ta juya kalma da kalma, ta fito da "estoy caliente". Don Allah kar ka faɗi wannan a gaban surukai ko malamar aji ko a ofis. A kusan duk ƙasashen da ake jin yaren, babban mutum yace estoy caliente ma'anar da zata fara zuwa kunnen mai sauraro itace sha'awa ta motsa masa, irin ta tsakanin namiji da mace. Zasu gane baƙo ne kai, zasu gane me kake nufi, amma dariyar sai sunyi, in kuma ta rubutu ne a WhatsApp da ba'a ganin fuskarka abun yafi muni. Abin da ake cewa shine "tengo calor", a zahiri ina da zafi, kuma calor ɗin nan suna ne ba sifa ba, daidai da zafi a cikin ina jin zafi. Layi ɗaya suke da tengo hambre ina jin yunwa, tengo sed ina jin ƙishirwa, tengo sueño ina jin barci, tengo frío ina jin sanyi, tengo miedo ina jin tsoro. Kaga a waɗannan duk inda Hausa tace ina jin kaza Sifaniyanci yace tengo kaza, Turanci ne ya fita daban da I am ɗinsa. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya huta da kurakurai da yawa.

Tunda calor suna ne to ƙarfafashi ma da mucho ake yi ba da muy ba. Tengo mucho calor, ina jin zafi sosai. Muy ta sifa ce, muy caliente. Muy calor kuskure ne da kunne yake kamawa nan take.

Amma kar a ɗauka caliente haramun ce akan ɗan adam kwata-kwata. In ka ɗora hannu a goshin yaro kaji jikinsa rau, "el niño está caliente" daidai ne, babu wanda zai kawo wani tunani, don anan taɓawa kayi kaji, ka koma ma'anar farko kenan. Haka tienes las manos calientes, hannayenka da zafi. Zazzaɓin kansa fiebre ne, tiene fiebre, a Meziko da Amurka ta Tsakiya kuma zaka yawaita jin calentura, kalmar da itama a wani bakin take ɗaukar waccan ma'anar ta sha'awa, sai a kula. A Ajantina da Yurugwai kuma akwai ƙari, estar caliente na nufin mutum ya fusata, kamar yadda zamu ce ya ɗau zafi, ɗan kallon ƙwallo zai iya cewa yana caliente da alƙalin wasa, yanayin maganar ne yake raba gardama. Ni dai shawarata ga mai koyo ya bar musu kayansu har sai kunnensa ya nuna. In kana son sifa dole don kanka, misali ka sha rana ka shigo fuska duk ta yi jajir, akwai acalorado, estoy acalorado, wannan lafiya lau take.

Sai yanayi. Ana zafi yau, "hace calor hoy". Hace ɗin daga aikatau hacer ne, yi, wato yana yin zafi, babu wani mai aikatawa da aka ambata, kamar dai yadda ana zafi ɗinmu bata faɗi waye yake yi ba. H ɗin ba'a furtata, a Latin Amurka da kudancin Sifaniya zaka ji kamar ase kalor, a Madrid kuma c ɗin da harshe tsakanin haƙora ake fitar da ita. In kuma sifa kake nema ka liƙa wa rana ko wata ko gari, to caluroso ce, un día caluroso, una tarde calurosa, un verano muy caluroso. Ita tana canza jinsi. Kuma kudancin Sifaniya sun san wannan kalmar da gaske, ba zancen wasa ba, a ranar 14 ga Agusta 2021 hukumar yanayi ta ƙasar, AEMET, ta auna digiri 47.6 a La Rambla cikin lardin Kordoba, shine mafi girma da ta tabbatar a tarihin ƙasar. Garin Écija da ke tsakanin Kordoba da Sebiya laƙabinsa ma la sartén de Andalucía, kaskon suyar Andalus. A 2022 birnin Sebiya ya fara raɗa wa guguwar zafi suna kamar yadda ake yiwa mahaukaciyar iska, ta farko aka kirata Zoe, ita guguwar zafin kuma ola de calor ake ce mata, calor dai suna, ba ola caliente ba. Mutanen tsakiyar ƙasar suna da wani zance akan yanayinsu, nueve meses de invierno y tres de infierno, wata tara na hunturu wata uku na jahannama, daɗin zancen yana cikin kamannin invierno da infierno.

Caluroso tana da wani amfani da yake bani sha'awa, in aka ce mutum caluroso ne, soy muy caluroso, ana nufin irin mutanen nan da basa jure zafi, kowa na lulluɓe su suna neman a kunna fanka. Kishiyarsa mai jin sanyi friolero a Sifaniya, friolento a Latin Amurka. Anan ser ake sawa don ɗabi'ar jikin mutum ce.

Cálido kuma ƙanwar caluroso ce mai sanyin hali. Zafi ne wanda baya gallabar mutum, ko kuma kalmar littafi da masu hasashen yanayi, clima cálido, aire cálido, gaɓar tekun Mursiya ma Costa Cálida suke tallata ta ga masu yawon buɗe ido, kuma ka tabbata da gangan suka zaɓi cálida, don babu mai biyan kuɗin jirgi yaje inda aka ce masa calurosa. Ita ake sawa ga launuka irin ja da ruwan goro, colores cálidos, ga murya mai daɗi, ga mutum mai sakin fuska, una persona cálida. Tarba hannu bibbiyu kuma duka biyun suna yi, una cálida bienvenida ko una calurosa bienvenida, tafi mai ƙarfi un caluroso aplauso. Ka gwada bienvenida caliente kaga yadda za'a kalleka. Wajen furuci nauyin yana kan gaɓar farko, shi yasa aka ɗora mata alama akan a. Sunan da ya fito daga ita calidez ne, kar a haɗa da calidad, wannan inganci take nufi, asalinsu ma ba ɗaya ba.

Duk waɗannan 'yan gida ɗaya ne daga Latin, calere, yin zafi. Caliente daga nan, calor daga nan, cálido daga calidus. Ita calidus ɗin ma sau biyu ta shigo yaren, ta bakin talakawa ta lanƙwashe ta zama caldo, romo, kamar caldo de pollo romon kaza, daga baya masu ilimi suka sake ɗaukota daga littafi a matsayin cálido.

Sai dai in faɗi gaskiya, dokar nan ta caliente ba ta yanayi bace tafi ƙarfi a Sifaniya. A yankin Karibiyan da sassan Meziko da wajen masu jin yaren a Amurka zaka ji el día está caliente ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Kuma akwai tierra caliente, sunan da ake kiran ƙasar kwari mai zafi a Kolombiya da Meziko, a Meziko har yanki guda ne mai wannan sunan a jihohin Michoacán da Guerrero, a ƙasashen tsaunukan Andes tsayin wuri ne yake yanke zafinsa ba watan da ake ciki ba, shi yasa suka raba ƙasa tierra caliente, tierra templada, tierra fría. Haka calor ɗin, a rubutu namiji ne el calor, amma a Andalus da wurare da dama a Latin Amurka zaka ji la calor, Real Academia Española, hukumar yaren da aka kafa a Madrid a 1713, tana cewa el calor ne na magana ta ilimi, mutanen Sebiya kuma basu fasa ba. Kai mai koyo riƙe el calor da hace calor, babu ƙasar da zasu baka kunya.

Zafi mai danshi irin na gabar teku, wanda iska take tsayawa cak jiki yana danƙo, bochorno ne, hace bochorno. Sifarsa bochornoso, amma a jarida zaka fi ganinta da ma'anar abin kunya, un espectáculo bochornoso, irin wasan da ƙungiya zata sha ci biyar a gida.

Mu zo kan abinci, inda nafi so. Miya ta yi yaji, picante. Ba caliente ba, ko kusa. Kwano ɗaya zai iya zama caliente kuma picante, zai iya zama frío kuma picante, kamar ceviche na Peru, ɗanyen kifi da lemon tsami da barkono da ake ci da sanyinsa. In ka shiga gidan abinci a Meziko ka tambaya ko miyar caliente ce, za'a ce maka eh yanzu aka sauke, ko a'a ta huce, ba'a baka amsar da kake nema ba, sai ka kai loma. Kalmar daga aikatau picar take, wato sara ko cizo ko tsira, ita ake amfani da ita in sauro ya cijeka, me picó un mosquito, ita ce ta ƙaiƙayi, me pica la espalda. A wajensu barkono cizon harshe yake ba ƙona shi ba. Kuma a magana ta yau da kullum aikatau ɗin yafi sifar yawo, tambayar da zaka riƙe itace "¿pica?", gajeriya, da yaji? Amsa kuma pica mucho, pica poquito, no pica. Sai dai no pica ɗin Bameziƙe a yi hattara da ita, ma'auninsa ba na kowa bane, kodayake wanda ya tashi da yajin tsire da attaruhu ba lallai ya girgiza ba. Su a can ma sunfi cewa picoso akan picante, in yaji ya kama mutum yana hawaye kuma sai yace me enchilé, ko estoy enchilado, wadda itama kan ɗauki ma'anar fushi.

Bature bai yi hauka ba da ya haɗa zafi da yaji a kalma ɗaya, mu ma ai mukan ce barkonon nan da zafi yake. Sinadarin da ke cikin barkono, kafsaisin, yana taɓa wata kafa a jijiyoyin jiki da ake kira TRPV1, ita wannan kafar kuma ita ce dai take kunnuwa in zafin wuta ya haura wajen digiri 43, don haka saƙo iri ɗaya ne yake isa kwakwalwa. David Julius ne ya gano wannan a 1997, akansa ya samu kyautar Nobel ta likitanci a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Jiki ya haɗa, Turanci ya bi jiki, Sifaniyanci ya raba. Ma'aunin yajin kuma na wani mai haɗa magunguna ne ɗan Amurka, Wilbur Scoville, tun 1912. A kansa jalapeño, wanda sunansa daga garin Xalapa na jihar Veracruz ne, yana tsakanin 2,500 zuwa 8,000, habanero kuma 100,000 zuwa 350,000, shi habaneron nan jinsinsu ɗaya da attaruhunmu. Dama duk dangin barkono, tattasai da attaruhu da ɗan tsiduhu, asalinsu nahiyar Amurka ne, bayan 1492 suka bazu duniya.

Sunan barkonon kansa ma ya danganta da inda kake. A Meziko chile, daga yaren Nahuatl na Aztek. A Karibiyan da Kudancin Amurka ají, daga yaren Taino, j ɗin kamar h mai kauri ake furtata, kamanninta da yaji a rubuce haɗuwa ce kawai. A Sifaniya guindilla ga mai yaji, pimiento ga tattasai, pimienta kuma da a a ƙarshe masoron Turawa ne baƙin nan da ake barbaɗawa. Mutanen Sifaniya dai ba ma'abota yaji bane, wanda ya zaci abincinsu irin na Meziko ne zai sha mamaki, salam zai ji shi. Suna da wasu ƙananan korayen tattasai na garin Padrón a Galisiya da ake soyawa da man zaitun da gishiri, yawancinsu lami ne amma jefi-jefi sai ka ci karo da mai cizo, har ya zama karin magana, los pimientos de Padrón, unos pican y otros no, wasu na da yaji wasu babu. A Arequipa ta Peru kuma gidajen abincin gargajiya sunansu ma picanterías. In abinci kayan ƙamshi ne ya ji, citta da kanumfari da kirfa, ba barkono ba, to especiado ne ko condimentado, nan ma spicy ta Turanci tana rikita mutane don ta haɗa biyun.

Picante ma tana fita daga kicin. Un chiste picante barkwanci ne mai ɗan batsa-batsa. A Chile in aka ce mutum picante ne zagi ne, wai mara aji.

Sauran ma'anonin aro zan bi su da sauri. Batun da ake ta muhawara akai, un tema candente, candente asali ƙarfen da ya yi ja a wuta ne, suna ma da karin magana a hierro candente, batir de repente, wanda shine namu na da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Musu ya yi zafi, una discusión acalorada. Wasa ko gari ya ɗau zafi har ana tsoron rikici, anan caliente ta dawo, un partido caliente, el ambiente está caliente, masu bin La Liga zasu riƙa ganinta a kanun jaridun wasanni gab da haɗuwar Madrid da Barsa ko Betis da Sebiya. Yin abu cikin fushi kafin zuciya ta huce, en caliente, ɗan wasa zai ce baya son magana en caliente. Matsalar da kowa yake turawa wani, patata caliente a Sifaniya, papa caliente a Latin Amurka. Labari da ɗumi-ɗuminsa a talabijin última hora ne, a hira kuma noticias frescas, kaga su sanyi-sanyi suka ce inda muka ce ɗumi. Ardiente kuma mai ci da wuta ce, sol ardiente, deseo ardiente, tafi zama a waƙa da adabi, amma tana cikin kalmomi biyu da ya kamata ka gane in ka gansu, aguardiente giya ce mai ƙarfi ba ruwan zafi ba, capilla ardiente kuma wurin da ake ajiye gawa jama'a su zo bankwana, sunan daga kyandirorin da ake kunnawa ne. Perrito caliente ko perro caliente fassarar hot dog ce kai tsaye, a Ajantina pancho, kuma yawanci da naman alade a ciki, a tambaya kafin a saya.

Hot ta kyawun mutum fa? Nan ma caliente bata shiga, in kace wance está caliente ba kyanta ka yaba ba, wani abu daban ka jingina mata, kuma zai iya jawo maka mari. Na mutunci sune guapo da guapa, atractivo, a Latin Amurka lindo da linda, hermosa. Wadda tafi kusa da hot ɗin Bature a nauyi itace está bueno ko está buena, amma zancen majalisar samari ne, ba'a faɗa wa mutum a fuska sai da sabo sosai. Kuma dubi aikin ser da estar anan, es buena mutuniyar kirki ce, está buena kuma jikinta ake magana. Kana so ka yabi halin matar abokinka ka zame ka sa está a maimakon es, to sai dai Allah ya kyauta. Akan abinci kuwa está bueno ya yi daɗi ne kawai, faɗi kanka tsaye.

Ita ma Hausar tana da nata wuraren da zata yaudareka, kar in yi ta yabonta. Zafinmu ya fi calor faɗi. Mai zafin rai ko zafin zuciya tiene mal genio ne, ko tiene mucho carácter in ana so a sassauta, de sangre caliente ma akwai amma bata kai waɗancan yawo ba. Zafin nama babu ruwansa da zafi a wajensu, ágil ne ko rápido. Kaya sun yi zafi a kasuwa, caro, tsada. Babba kuma shine zafi na ciwo. In kaje asibiti a Malabo ta ƙasar Ikwatoriyal Gini ko Madrid kana so kace ƙafata tana min zafi, me duele la pierna zaka ce, daga doler, kuma gininta irin namu ne, ƙafar ce take yi maka. In raɗaɗi ne irin na ƙuna ko ido da hayaƙi ya shiga, me arde, a Sifaniya kuma me escuece ga irin zugin da ciwo yake in an zuba masa magani. Ƙwannafi ardor de estómago ne ko acidez. In ka ce wa likita la pierna está caliente, abin da zai fahimta shine in an taɓa wajen ana jin ɗumi, alamar kumburi ko ƙwayar cuta ko gudan jini, zai kama bincike ta wannan hanyar, alhali kai ƙila targaɗe ne kawai yake damunka.